Yadda Muka Nema wa 'Yar Mai Citta Makaranta

Bayan na bar aikin jirgin ƙasa na koma gida Kafanchan, sai wani Ba'indiye mai sayen citta ya kama haya a bayan gidana. Da ya ji na taɓa yin kwas a ƙasarsu, har ina iya tambayar farashin albasa da harshensu, ya mai da ni kawunsa.

Wata safiya ya shigo fuska a yamutse. Matarsa ta ce in ba a samo wa 'yarsu makaranta ba, za ta kwashe ta su koma Indiya, shi ya zauna da cittarsa. Sharaɗinta ɗaya ne: a sami wani ɗan ƙasar waje a ajin, don kada a ƙare kallo a kan 'yarta ita kaɗai.

Na zauna a Abidjan, na zauna a Khartum. A can sai 'ya'yan baƙi sun cika makaranta ake kiranta intanashonal. Mu a nan allon ake fara rubutawa, sannan a jira baƙin da addu'a.

Makarantu biyu muka duba. Ta farko ta wata tsohuwar hedimistires ce, ta jera tutocin ƙasashe a bakin ƙofa. Da na faɗi sharaɗin, ta aika aka kira wani yaro, ta ce babansa ya je Urushalima ziyara. Ta biyu ta wani dattijon majami'armu ce, a hanyar Madakiya. Shi kuma ya nuna mana yarinyar da kakarta 'yar Kamaru ce, ya ce ta gaishe mu da Faransanci. Na yi mata Faransancin, ta fashe da kuka.

Shi dattijon ne ya tsegunta mana cewa akwai wani ɗan Chana mai fasa dutse wajen Samaru Kataf, yana da ɗa, kuma uwar yaron ta kafa irin wannan sharaɗi. Na je na same su. Suka ce duk inda 'yar Indiya ta shiga, nan za su bi. Na dawo, Indiyawa suka ce sai dai 'yan Chana su fara. Na yi ta kai da kawo har masu keke suka daina tambayata ina za ni.

Masu makarantun ba su zauna ba. Hedimistires ta je ta gaya wa Indiyawa yaron 'yan Chana ya riga ya zama nata. Dattijo ya gaya wa 'yan Chana 'yar Indiya tana wurinsa. Ranar Litinin kowane yaro ya tsinci kansa shi kaɗai, ana leƙensa ta taga. Iyayen suka fusata, kowa ya ɗinka sabon yunifom ya koma ɗaya makarantar, a rana guda. Motocinsu ma sun yi kiciɓis a hanya, har direbobin suka gaisa.

A yammacin nan matar Ba'indiyen ta fito da akwatuna. Mijin ya zo ya tsaya a ƙofata, ya ce, "Kawu, ta naɗe har labule."

Na tara kowa a falona, matata ta kawo kunu. Iyayen mata ba sa jin juna sosai, amma kunya ta kama su, kowace ta dage a bi zaɓin 'yar'uwarta. Hedimistires ta ce ita ta fara ganin baƙin. Dattijo ya ce shi ya fara yin addu'a a kansu.

"Mama," in ji shi daga ƙarshe, "kada mu ɓata sunan gari a gaban baƙi. Ki riƙe su wannan zango, ni in karɓa bayan Kirsimeti."

"Su biyun tare?"

"Tare. In aka raba su, duk mun yi asara."

Na fassara, ina jiran a yi mini dariya. Ba'indiyar ta tambaya ko yaran za su zauna benci ɗaya a duk inda suka je. Aka ce mata ƙwarai. Sai ta ce wa mijinta ya je ya mayar da labulen kafin duhu, don ita ba ta kai tsawon ƙusar ba.