Ranar da Jama'are Ta Ɓace daga Kwamfuta

Har gobe ban manta da safiyar Litinin ɗin da Alhaji Sa'idu ya kira ni ofishinsa ba. Ya tura mini takardar rahoto, ya ɗora yatsa a kan layin Jama'are, ya ce, "Malam Habu, karanta mini abin da ke nan."

Na ce, "Sifili ne, ranka ya daɗe."

"Mako na nawa ke nan?"

"Na uku."

A lokacin ni ne jami'in kwamfuta a ofishin wani shirin tallafa wa manoma da ke Azare, Alhaji Sa'idu kuwa shi ne shugaban ofishin. Aikin da ke gabanmu shi ne yi wa manoma rajista kafin ruwa ya sauka, domin a raba musu ingantaccen iri. Ƙananan hukumomi uku muke kula da su: Katagum, Itas/Gadau da Jama'are. Kowace tana da jami'inta mai zagaya ƙauyuka da wayar ofis, yana shigar da sunan manomi, ƙauyensa, ƙaramar hukumarsa da girman gonarsa. In ya samu sabis ya danna aikawa, bayanan su taho babbar kwamfutar ofis. A can wata 'yar manhaja da ni na rubuta da hannuna take karɓarsu ta jera a rumbun bayanai. Duk manomin da sunansa bai shiga rumbun nan ba kafin a rufe rajista, ba shi da iri. Saura kwana biyar a rufe.

Mai kula da Jama'are ita ce Madam Rifkatu, 'yar kudancin Bauchi, wadda ta girme ni a shekaru da kuma aiki. Ta daɗe a yankin nan har tana jin Fillanci, kuma ba a taɓa kama ta da lalaci ba. Kullum da yamma sai ta bugo ta ce ta aiko. Kullum rahoto ya ce ba ta aiko da ko mutum ɗaya ba.

Alhaji ya ce, "Na sa Malam Isma'il ya rubuta mata takardar tuhuma. Ranar Laraba a mitin zan miƙa mata." Malam Isma'il shi ne jami'in mulki, mai riƙe da fayil ɗin ma'aikata, kuma takardar tuhuma in ta shiga fayil tana iya hana mutum ƙarin girma.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko a ba ni kwana ɗaya in bincika?"

"Ka bincika me? Kwamfuta ba ta ƙarya. Ba ta da ƙabila, ba ta da ɗan uwa. Wanda ba ta gani ba, bai yi aiki ba."

Shi ya yi ta kai da komo har aka sayo mana kayan nan, don haka yana ji da su kamar shi ya ƙera su. Ni kuma, in faɗi gaskiya, maganar ta yi mini daɗi, tunda manhajata ake yabo. Duk da haka ya ba ni kwana ɗayan.

Na fara da abin da kowa ke farawa da shi. Na duba ko babbar kwamfutar ta cika, ba ta cika ba. Na duba intanet ɗin ofis, lafiya lau, ga bayanan Itas suna shigowa ina kallo. Sai na ɗora laifin a kan wayar Madam. Washegari da sassafe na ɗauki wata sabuwa, na shiga mota zuwa Jama'are.

Na same ta a gindin wata bishiya, manoma sun kewaye ta. Ta dube ni ta ce, "Ƙanena, an aiko ka ka ga ko barci nake yi?"

Na ce waya na kawo mata. A gabana ta shigar da wani dattijo a sabuwar wayar, ta danna, wayar ta ce an aika. Na buɗe tawa kwamfutar na leƙa rumbun. Babu dattijo. Muka koma kan tudu inda sabis ya fi ƙarfi, muka sake. Babu. Na karɓi wayar da kaina, don son in nuna mata yadda ake yi, na rubuta sunan da na saba gwaji da shi, Musa Garba, Katagum. Nan take ya bayyana. Na sake rubuta Musa Garba, na zaɓi Jama'are. Ya ɓace.

A nan na gane matsalar daga wajena take.

Akwai wani fayil da manhaja ke rubuta duk kuskuren da ta ci karo da shi. Ni na tsara ta haka: in ta samu matsala, kada ta tsaya, ta rubuta a can ta ci gaba. Tun ranar da na kafa ta ban taɓa buɗe fayil ɗin ba. Da na buɗe, sai ga manoman Madam Rifkatu a jere, na mako uku cur, kowanne da ƙorafi iri ɗaya a gefensa.

Ga abin da ya faru, ga waɗanda ba aikinsu ba ne. A harshen da ake yi wa rumbun bayanai magana, ɗan ɗigon nan mai wutsiya da muke sa wa a sama, wato hamza, shi ne alamar buɗe rubutu da rufe shi. Manhajata tana cusa sunan ne kai tsaye cikin umarni. Rumbun ya karanta "Jama", ya ga hamza, ya ɗauka suna ya ƙare. Sai ya ga "are" a tsaye, ya rasa wane irin umarni ne wannan, ya watsar da bayanin gaba ɗaya. Kuma ba Jama'are kaɗai ba. Duk wani Sa'adu, Isma'il ko Rabi'u na Katagum da Itas, shi ma yana cikin fayil ɗin. Ba a lura ba ne kawai saboda sauran sun rufe giɓin.

Na zauna a kan wani kututture. Gyaran bai fi na rabin awa ba. Zuciyata ta ce, gyara abinka a ɓoye, gobe ka ce sabis ne ya dawo. Wa zai sani? Amma da sunayen sun zubo a rana ɗaya, Alhaji zai ce tsoron takarda ne ya sa ta aiki.

Na kira ta gefe na faɗa mata komai. Ta dube ni ta ce, "Wato mako uku ina yawo a rana, kai kana can cikin sanyin fanka kana zubar mini da mutane?"

Na ce, "Haka ne, Madam. Ki yi haƙuri."

"Haƙuri sai gobe. Ka ce duk sunan da ke da abin nan ba ya shiga?"

"Duka."

Sai na ga bakinta ya fara motsi. Ta ce, "Ya ake rubuta sunan Oga?"

Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba. Ta ɗaga yatsa ta ce, "Kada ka taɓa komai sai bayan mitin. Kuma da bakinka za ka faɗi laifinka."

Ranar Laraba muka taru a ɗakin mitin. Malam Isma'il ya ajiye farin ambulan a gabansa, yana ta daidaita shi da gefen tebur. Da aka zo kan batun Jama'are, na nemi izini na haɗa kwamfutata da allon bango. Na ce, "Ranka ya daɗe, kafin a yanke hukunci, ina so ka gwada tsarin da hannunka, don kowa ya ga yadda yake da sauƙi. Ai kai ma manomi ne."

Ya ji daɗin wannan. Ya gyara babbar riga, ya karɓi waya, ya rubuta sunansa da yatsa ɗaya, ya zaɓi Katagum, ya danna. Wayar ta ce an aika. Muka juya ga allo. Babu Alhaji.

Ya ce, "Ƙila bai iso ba tukuna."

Muka jira. Ya sake rubutawa, a hankali wannan karon, yana furta kowane harafi. Babu.

Malam Isma'il ya ce, "Kawo in taimaka, Yallaɓai," ya shigar da nasa sunan. Shi ma ƙasa ta haɗiye shi.

Madam Rifkatu ta miƙa hannu cikin ladabi, ta rubuta sunanta, ta zaɓi Katagum. Kafin ta ajiye wayar ya fito ɓaro-ɓaro a allo. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni dai ta gan ni. Ku biyun ne ban sani ba ko kun zo aiki yau."

Jami'in Itas ya sunkuya kamar yana neman biro a ƙarƙashin tebur, kafaɗunsa na rawa. Alhaji ya cire tabarau, ya dube ni ya ce, "Malam Habu, me ke faruwa a ofishina?"

Na miƙe na yi bayani tun daga farko, ban rage komai ba, har da fayil ɗin da ban taɓa buɗewa ba. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To a daina sa ɗigon mana. A rubuta sunan haka nan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, sunan mutane daidai yake, manhajata ce ba daidai ba. Akwai hanyar da ake miƙa wa rumbun umarni daban, suna daban, ko me ke cikinsa ba zai ruɗe ba. Ita ya kamata in bi tun farko, gaggawa ce ta sa na yanke."

A gabansu na gyara, na kwaso duk waɗanda ke cikin fayil ɗin na mayar. Layin Jama'are ya tashi daga sifili ya wuce na Katagum. Sunan Alhaji ma ya fito, har sau biyu.

Ya juya ga Madam ya ce, "Madam, na zalunce ki. Ki yafe ni." Ta ce ya wuce. Sai ya ce da Malam Isma'il, "Takardar nan kada ta lalace a banza. Canza sunan kawai, ka sa na Malam Habu." Haka aka yi. Na amsa ta a shafi biyu, kuma ban yi gardama ba, don na cancanta. Manoman Jama'are suka samu irinsu tare da kowa.

Abin da nake so ku matasan da kuka shigo aikin nan ku riƙe shi ne, kwamfuta tana maimaita abin da mai rubuta manhaja ya koya mata ne, har da wautarsa. In ta nuna wani da yatsa, ku fara buɗe fayil ɗin kurakurai kafin a buɗe fayil ɗin ma'aikaci. Ku kuma gwada aikinku da sunayen mutanen da za su yi amfani da shi, masu hamza da masu lanƙwasa, su Ɗanjuma da su Ƙasimu, ba sunan da ya fi sauƙin bugawa ba. Sannan in laifinku ne, ku faɗa da wuri, tun wanda aka ɗora wa yana da sauran dariya.

Madam ta yafe mini, amma ba kyauta ba. Tun daga ranar ta laƙaba mini Malam Hamza, ofis duka ya ɗauka. Ta yi ritaya ta koma gida, sunan bai bi ta ba. Kwanan baya wata sabuwar ma'aikaciya ta buga mini katin shaida, na duba, sai na ga Hamza Habu. Ban mayar mata ba. Shi ne wannan da ke rataye a wuyana.