Malam Gado da Ƙwallayen da Ba a Fasawa

Da an sallame sallar asuba a Jiratawa, Malam Gado yake tayar da tsohon babur ɗinsa ya kama hanyar Maraɗi, da wata kwalba ɗaure a bayan sirdi. Yau shekara goma sha bakwai ke nan yana wannan tafiya, kwalbar ce ta zo daga baya. In ya isa kilinik ɗin yara ta Likita Anuhu, ba ya gaida kowa sai ya fara gaida kifi.

A zauren da iyaye mata ke jiran layi akwai wani akwatin gilashi mai tsawon gado, cike da ruwan gishiri. Guntun teku ne, a garin da yawancinmu ba mu taɓa ganin ruwan da ya fi Gulbi ba. Likita ya ga irinsa a Dakar lokacin karatu, ya dawo ya dage sai ya kafa nasa, wai yaron da ke kallon kifi ba ya ganin allura. A ciki akwai kifaye masu launin atamfa, da duwatsu, da murjani mai rai, wanda matanmu a wuya kaɗai suka san shi.

Likita ya kawo, amma Gado ne ya raya. Shi ke auna gishirin ruwan kowace safiya, ya cike abin da zafi ya shanye da tataccen ruwa, ya goge gilashi. Da bazara kwalaben ruwan sanyi yake jerawa a ciki kada kifin su dahu. In an ɗauke wuta, ko yana tsakiyar loma, zai ajiye ya ruga ya tayar da inji. Manomin rani ne da bai taɓa taka bakin teku ba, amma ya riƙe teku a Maraɗi bai bar shi ya mutu ba.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, shi ya sa wannan rubutu. Mafi yawan abin da ke cikinsa daga bakin Madan Ramatu ya fito, shugabar ma'aikatan jinya ta wurin. Ba wanda ya san Gado kamarta, don ba wanda ya kai ta sa masa ido. Kuma ba idon ƙauna ba ne.

Shekara tara da suka wuce aka kawo sababbin duwatsu daga Kwatano. Ba a yi wata ba sai ga wasu ƙwallaye sun tsiro a jikinsu, kore shar, masu sheƙi kamar gilashi, girman 'ya'yan magarya. Likita ya duba littafi ya ce wata irin gansakuka ce, in an bar ta takan rufe murjani ta kashe shi. Ya nuna wa Gado yadda ake cire ta: a kama ta a gindi, a murɗa a hankali ta fito gaba ɗayanta, tiyo na kusa yana zuƙe duk abin da ya kuɓuce. Sharaɗin guda ne, ba a fasawa. Cikinta iri ne, in ta fashe ya bi ruwa. Aka rage wa kifi abinci, aka yawaita sauya ruwa. Har wata 'yar ƙaguwa mai cin abin Likita ya sa aka aiko, sau biyu, duk tana isowa a mace.

Ramatu ba ta wurin ranar da aka yi wannan bayani. Abin da ta gani kawai, dattijo mai ƙarancin magana ya zura hannu har kafaɗa a ruwa, yana tsinko ƙwallaye masu sheƙi ɗaya bayan ɗaya, yana lallaɓa su kamar ƙwan fakara, yana zubawa a kwalba ya toshe. La'asar ta yi, ya ɗaure kwalbar a babur ya yi gida da ita. In shara ce, me ya hana shi zubawa a kwata?

Wata tsohuwa a layi ce ta fara furta kalmar, a hankali, tana jan jikarta daga gaban gilashi: “Wanga abu ai ƙanƙara ta.”

Kowa a nan ya san zancen ƙanƙarar maita, 'yan duwatsun nan masu launi da aka ce maye na ajiyewa a cikinsa, ya amayo su in ya so. Ba wanda ya taɓa ganinta, amma kowa ya san kamanninta, abin da ya fi ba ni haushi ke nan game da mu. Ramatu ta yi makaranta, ta san ƙwayar cuta, ta yi tsaki a fili. A zuci kuwa sai ta fara lissafi. Me ya sa ya fi son wurin da yara ke taruwa? Me ya sa in yaro ya manna fuska a gilashi, shi yake tsayawa ta ɗaya gefen yana murmushi? Abin da jiya ake kira son yara, yau ya zama hujja.

Sai ta ɗauki nata mataki. Da Gado ya tafi sallar azahar, takan zo da allura da auduga mai alkol na goge wurin allura, ta yi bismilla, ta soke ƙwallayen ɗaya-ɗaya har su sace. Bayan mako biyu, inda ta soke goma sai ɗari su fito, ƙanana, a kan kowane dutse. Kifi biyu suka mutu. Ita kuwa sai ta ƙara tabbata, abin arziki ba ya hayayyafa haka.

Ana cikin haka damina ta yi tsakiya, zazzaɓi ya cika gadaje, Likita ya tafi taro Yamai. Wata mata daga Tsibiri mai suna Tasalla ta kawo 'yarta Samira, 'yar shekara uku. Suna layi yarinyar na kallon kifi, sai jikinta ya sanƙare, idanu suka juye. Ramatu ta san abin da take gani, zazzaɓin sauro ne ya hau kai. Ta sa a kawo ƙarin ruwa da allura. Amma matan layi sun riga ta kunnen uwar.

Tasalla ta ƙanƙame 'yarta. “Ba mai taɓa min ɗiya! Shi ya kama ta. Ya zo ya tsallake ta, in ko ba haka ba yanzu in tahi da ita gida.”

Wanda bai san al'adar ba, ga ta: wanda ake zargi da maita, akan sa shi ya tsallake marar lafiya don ya saki kurwarsa. In ya ƙi, an ce ya ƙi saki. In ya yi, ya amsa laifi da ƙafarsa. Tabon kuma ba ya tsayawa a kansa, har 'ya'ya da jikoki yake bi.

Gado na tsaye, hannu jiƙe da ruwan gishiri. Ya dubi Ramatu, don ita ce babba a wurin ranar, kalma ɗaya daga bakinta ta isa. Ramatu ta sunkuyar da kai tana gyara tiyon ƙarin ruwa. Ita da kanta ta faɗa daga baya, so take ta ga abin da zai faru.

“Madan,” in ji shi, “in ta tahi da ita Tsibiri, tana kaiwa?”

“Ba ta kaiwa.”

Ya juya ga uwar. “Ɗiyata, Allah shina gani ban san komi ba. Amma in na tsallaka, kina bari a sa mata ruwan?”

Tasalla ta gyaɗa kai. Ya cire hula, ya cire takalmi, aka shimfiɗe yarinyar a tabarma, ya tsallake ta sau uku a gaban mata sama da talatin. Kafin ya mayar da hularsa allura ta shiga jijiya.

Kwana uku Samira ta tashi tana neman fura. Magani ne ya yi aiki da ikon Allah, amma wa zai saurari wannan? Ya tsallaka, ta warke, magana ta ƙare. Kafin Likita ya dawo labari ya isa Jiratawa. In Gado ya biyo layi, sai a ƙwala wa yara kira su shiga gida. A majalisa aka daina sa hannu a kwanonsa. Likita ya dawo ya yi ta faɗa, ya tara mata ya ce masu gansakuka ce, suka ce to, suka ja goyonsu zuwa ɗaya ɓangaren zauren. Magana zarar bunu ce.

Kai ne, Malam Gado, ka sayi ran 'yar wani da sunanka, ka kuma san farashin tun kafin ka ɗaga ƙafa. Washegari ka dawo aiki a kan lokaci, ka zura hannu a ruwa.

Ramatu dai zuciyarta ba ta kwanta ba. Ta san maganin da ta sa, amma kwalbar nan fa? Wata Asabar da la'asar ta ɗauki kabu-kabu ta ce ya bi babur ɗin Gado daga nesa. Suka bi shi har bayan gonakin rani na Jiratawa. Ta laɓe a bayan darni tana leƙe, tana jiran ta ga tukunya ko rami. Sai ta ga ya juye kwalbar a kan wani tsohon kwanon rufi da rana ta gasa, kusa da tarin ƙudujin da ya tuge daga gonar hatsinsa. Na jiya da shekaranjiya sun bushe sun zama kamar ɓawon albasa. Ya tattara su da ƙudujin ya ƙyasta ashana.

Bai waiwayo ba ya ce, “Madan, ki hito daga rana, ga inuwa.”

Kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ya sa aka kawo mata ruwa. Sai ta tambaye shi me ya sa yake wahalar kawo ƙwallayen har nan.

“Ni manomi na. Mugun haki mai iri ba a yada shi kusa da ruwa, ƙonewa akai. Likita ya ce ruwanmu ba ya rayad da shi, amma ni ban yarda da shi ba.” Ya sa hannu a aljihu ya ciro wani ƙullin leda ya ajiye a gabanta. Murafun allura ne, guda goma sha ɗaya. “Bayan akwatin nike tsintarsu. Don Allah ki bar hwasa su. Ko wace kika hwasa, ɗari taka haihwa.”

“Tun yaushe ka sani?”

“Tun randa kihin hwarko ya mutu. Ruwan na warin alkol.”

“Mi ya hana ka gaya ma Likita? Da ka wanke kanka.”

“Da ya kore ki, ga ki da marayu. Kuma da an ce na ci kurwar ɗiya, na koma na ci aikin Madan.” Ya tura garwashin da tsinke. “Abin ga ba a hwasa shi, Madan. In an hwasa bazuwa shikai. A gindi aka kama shi, a hankali.”

Ramatu ta yi kuka a wurin, kukan babbar mace, marar sauti. Ran Litinin ta shiga ofishin Likita ta faɗi komai da bakinta. Da ta daina sokewa, wata biyar ya ishi Gado ya tsince duwatsun tas, murjani ya sake buɗewa. Nata aikin ne ya fi daɗewa. Ba ta tara taro ba, ta ga na Likita bai yi amfani ba. Mace ɗaya-ɗaya take kamawa, a ɗakin awo, a wurin suna, a kabu-kabu, ta ba ta labarin allurar da murafun. Har Tsibiri ta je wurin Tasalla. Wasu sun yarda. Wasu sun ce shi ke nan, ita ma ya kama ta. Kada mu yi wa kanmu ƙarya, har gobe akwai gidan da ba a karɓar goro daga hannunsa.

Makon jiya aka yi masa walimar ban kwana a zauren, gaban gilashin. Likita ya yi jawabi, aka tafa. Gado na zaune can gefe, hannuwa a kan gwiwa, yadda ya saba zama a cikin mutane tun shekarar nan. Sai Ramatu ta ratso ta tsakiyar mata da jikanta ɗan kwana arba'in, ta ɗora masa shi a cinya ta koma ta zauna.

Duk mata suka juyo. Gado ya sa hannu biyu ya tallafe yaron. Ya daɗe yana kallon jaririn, sannan ya ce, ba da ƙarfi ba, “Shekara tara ban ɗauki ɗan kowa ba.”

Malam Gado, mai haƙurin tsintar tsaba, mun gode. Mun gode da kifin da 'ya'yanmu suka kalla suka manta da allura. Mun gode da Samira, wadda yanzu take makaranta a Tsibiri. Ka yafe mana, don mu ne matan layin, mu ne 'yan majalisar. Allah Ya ba ka hutu mai albarka a gonarka, Ya sa ka gama lafiya.

Mu kuwa da muka rage, in wani abu ya tsiro a tsakaninmu da ba mu san kansa ba, kafin mu ɗauko allura mu tambayi wanda hannunsa ke cikin ruwan. Kuma duk wanda ya san ya taɓa kiran ɗansa cikin gida don Gado ya biyo layi, Jiratawa ba nisa. Ya je, ya tafi da yaron.