Saifar da Jatau Ya Kyafe

Jatau mahauci ne, ɗan mahauci, a Talatar Mafara. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya ɗaga murya ko a kwata inda kowa ke magana da ƙarfi. Tun yana saurayi an san shi da abu guda: nama ba ya lalacewa a hannunsa. Abin da kasuwa ta rage masa da yamma, gobe ya zama kilishi ko banda. An ce mahaifinsa ya taɓa dukansa a kan cinyar rago da ya bari ta yi wari, bai ƙara ba har ya tsufa.

Yana da ƙanwa ɗaya, Taiba, wadda ta yi aure a Maradun. Da aka tare kogi a Bakolori, ruwa ya hau a hankali kamar mai jin nauyin masu wurin. Ya rufe fadamar mijinta, ya rufe tsamiyar bakin gona, har ba a ganin kome sai shimfiɗar ruwa mai launin sama. Mijin bai daɗe ba bayan haka. Ɗan abin da aka ba su diyya Taiba ta zuba shi cikin shanu, ta ce abin da ke da ƙafa ruwa ba zai same shi kwance ba. Ta damƙa su amana ga Jatau, shi kuma ya ba Buba, wani Bafillace mai kiwo a wajen Bakura, inda kanal, wato magudanar ruwan noman rani, ya sa ciyawa ke kore ko da rani. Da nonon shanun nan da maruƙansu take ci da marayunta. Ba ta da wani abu bayansu.

Sai bushiya ta dawo. Annoba ce ta shanu wadda tsofaffi kaɗai suka tuna da ita. Saniya ta fara hawaye da dalala, bakinta ya yi gyambo, zawo ya biyo baya, ta kwanta. Labarin ya riga cutar isowa: ta gama da garkuna a gabas, tana tafe kasuwa kasuwa. Allurar rigakafi ba ta wadata ba, kuma ba a kai ga garken Buba ba tukuna.

Makiyaya suka shiga sayar da dabbobi don tsoro, kara ta cika, farashi ya faɗi. Jatau ya sayi 'yan bijimai ya ɗaure bayan gida. Bazara ce, harawa ta yi wuya, bijiman suna ta ramewa. Niyyarsa ya kora su Bakura su haɗu da shanun Taiba su ci kore. Ana haka ya ga ɗaya daga ciki ya ƙi abinci, idanunsa na zubar da ruwa.

Ya tafi wurin Malam Dikko, malamin dabbobi na yankin, wani dogon mutum da babur ya cinye masa baya. Suka gaisa, aka tambayi gida da aiki da zafi, sannan Jatau ya faɗi abin da ke tafe da shi. Dikko ya zo ya buɗe bakin san, ya daɗe yana dubawa.

"Ta yiwu ita ce, ta yiwu wani zazzaɓi ne," in ji shi. "Da ido ba ni rantsuwa. Akwai ɗakin gwaji can nesa, su ke da abin dubawa. In ya faɗi ka yanka, ka cire saifa da kaluluwa. Motar ofis za ta biyo, ka ba direba. Ni gobe ina Gidan Goga wurin allura."

"Cikin mi zan sa ta?"

"Da ƙanƙara ake kai ta. Wadda nike da ita ta allura ce, firij kuma ba kananzir. Ka dai yi dabara, kada ta ruɓe."

Jatau ya yi murmushi. "Malam, ni kake ce ma kada nama ya ruɓe?"

"Allah ya huci zuciyar Pawa," in ji Dikko yana dariya, ya tada babur.

San ya faɗi, Jatau ya sa masa wuƙa kafin ya zama mushe. Ya cire saifa da kaluluwa kamar yadda aka ce, ya rufe su cikin kwano a inuwa. Mota ba ta zo ba. Rana ta yi tsaka, ya buɗe kwanon ya shinshina, ya ji abin ya fara juyawa. Bai yi dogon tunani ba. Ya barbaɗa gishiri, ya hura gawayi, ya kyafe saifar a hankali yana juya ta, har bayanta ya bushe ya yi ja mai kyau. Ya naɗe cikin takardar siminti mai tsabta. A gefe ya ƙulla kilishi, don bai ga yadda za a aika wa manyan malamai abin aiki hannu wofi ba. Da direba ya iso daga baya, ya karɓi ƙunshi biyu ya wuce.

Jira ya yi tsawo. Sauran bijiman ba su nuna kome ba sai yunwa, haƙarƙarinsu ya fito ana iya ƙirgawa. Ranar Talata Taiba ta zo kasuwa, ta biyo ta gidan.

"Yaya, na ji an ce kana son kai waɗanga cikin nawa."

"Sai an duba. Na aika."

"To, a duba. Ka san ba ni da gona."

"Na sani, Taiba."

Ta leƙa bayan gida ta dube su. "Wanga baƙin kamar ya fi ka ƙiba da can."

"Yanzu mun yi daidai," in ji Jatau.

Dikko ya dawo daga allura, amsa kuma ta iso ta bakin direba. Ya sami Jatau a rumfarsa yana sara.

"Sun ce ba su ga kome ba."

"Alhamdu lillahi. Ke nan babu."

"Ban ce babu ba. Gwajin nan in ya kama, ya kama. In bai kama ba, wani lokaci cutar ce ba ta nan, wani lokaci abin da aka kai ne bai je da kyau ba, ko an yanka dabbar bayan ƙwayar ta ja baya. Saifar ta tafi lafiya?"

"Ko ƙuda bai taɓa ta ba."

"Ba ta yi wari ba?"

"A hannuna?"

Dikko ya gyaɗa kai. Ya gaji, kuma ana jiransa a Jangebe. Ya ce da so samu ne a ƙara jira. Jatau ya ce bijiman ba su da sauran jira a jikinsu. Kowanensu ya faɗi gaskiya iyakar abin da aka tambaye shi, suka rabu a kan haka.

Jatau ya aika wa Taiba cewa likitoci sun duba ba su ga kome ba. Ta aiko cewa tun da an duba, shi ke nan. Ya kora bijiman Bakura. Buba ya tarye su a bakin kanal, ya zagaya su yana dogara sanda.

"Mahauci da kawo sa da rai," in ji shi. "Yau kuma mi ya sami wuƙa?"

"Tana hutawa. Ka ba su kore, Baffa, su yi nama."

Wurin yana da kyau a lokacin. Ruwa na tafiya cikin siminti a miƙe, balbelu na bin shanu, shinkafa ta yi zangarniya a gonakin noman rani. Bijiman suka sa baki cikin ciyawa ba su ɗago ba.

Baƙin ne ya fara hawaye. Bayansa jar saniyar Taiba mai yawan nono, sannan maruƙa. Buba ya raba masu ciwo da masu lafiya, amma kullum sai ya ƙara matsar da igiya. Ana yanka wadda aka riska, wadda ba a riska ba a ja ta rami. Ungulaye suka koyi hanyar wurin.

Dikko ya zo, wannan karon da ƙanƙara cikin gora. Ya durƙusa kan wata saniya da aka yanka yanzu yana cire saifa. Jatau, da ke tsaye ba abin yi, ya shiga tattara kirare.

"Wuta ta mece ce?" Dikko ya tambaya.

"In kyafe maka ita kamar waccan. Hanya da nisa."

Dikko ya tsaya da wuƙa a hannu. "Waccan kyafe ta ka yi?"

"Da gishiri kaɗan. Ka ce kada ta ruɓe."

Malamin bai yi faɗa ba. Ya sa saifar cikin ƙanƙara, ya rufe, ya wanke hannu. Sannan ya gaya masa cewa abin da masu gwaji ke nema wuta na kashe shi ta ɓata kamanninsa, ɗanye suke so, mai sanyi. Ya ce laifin rabi nasa ne da bai faɗi haka ba. Ya ce kuma ko da ta je ɗanya ana iya dubawa a rasa, kuma garkuna da yawa na shan ruwan kanal ɗin nan, ba wanda zai iya cewa ga ƙofar da ta shigo. Jatau ya saurara har ƙarshe, ya zubar da kiraren.

Amsa ta biyu ta zo ta ce bushiya ce. Lokacin ba sauran mai bukatar a gaya masa.

Cikin shanun Taiba karsana ɗaya ta tashi. Ta rame har iska na kaɗa ta, amma ta miƙe ta ci ciyawa, kuma Dikko ya ce wadda ta tashi daga wannan ciwo ba ta sake kamuwa. Taiba ta zo Bakura da kanta. Jatau ya gaya mata zancen wutar, bai rage kome ba. Ta ji, ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ta gode wa Buba, ta kwance igiyar karsanar.

"Bari in samo mai kora miki ita," in ji Jatau. "Ko ta zauna wurina har ta yi ƙarfi."

"Bar shi, Yaya. Na iya."

Ta ja ta a ƙasa har Maradun, suna tafiya suna hutawa, ta ɗaure ta a tsakar gidanta inda take ganinta daga ɗaki.

Jatau ya yi shekaru masu yawa bayan haka yana fawa, kilishinsa har Sakkwato ana saye. Zumunci bai yanke ba: suna, biki, rasuwa, duk tare ake ganinsu, shi ya aurar da 'ya'yanta mata. Karsanar ta haihu, 'ya'yanta suka haihu. In Taiba za ta sayar da maraƙi ko ta sayi wata, sai ta aika a kira Shehu, ƙanen mijinta. Jatau yakan ji labari a kara, daga bakin dillalai.