Zubairu Bolan da Motar Goggo Hajjo

Duk wanda ya saba da tashar Tasawa ya san rumfar Zubairu Bolan. Ko bai taɓa shiga ba, ya ji rurin injin da ke fitowa daga cikinta, alhali rumfar ko amalanke ba za ta ɗauka ba, balle mota.

Zubairu haifaffen Korgom ne. Ubansa manomi ne mai shanun huɗa biyu, kuma tun da wuri aka gane Zubairu da shanu ba za su shirya ba. In ya ce su yi dama sai su yi hagu, in ya ɗaga sanda sai su tsaya suna kallonsa. Ya yi lakkwal, wato makarantar boko, har aji shida ya bari, ya zo Tasawa koyon gyaran salula, ya yi aure, ya zauna. Wata rana wani da ya dawo daga Libiya ya kawo masa kaya ya duba: tale babba, wato talabijin, da akwatin wasan tseren motoci, da bolan, wato sitiyari, irin na mota sak, har da abin takawa biyu, na wuta da na birki. Zubairu ya haɗa wayoyi don ya gwada kawai. Ya zauna da hantsi, bai ɗago kai ba sai da ladan ya kira azahar. Kafin sati ya zagayo ya sayar da awakinsa ya saye kayan.

Ya samo kujerar wata matacciyar mota ya ɗaure a kan bulo, ya ɗora pano mai ɗaukar hasken rana a kan rumfa don wuta, ya buɗe wurin wasa. Ƴan kabu-kabu da masu jiran mota suna shigowa su gwada, amma babu mai zama kamar shi mai rumfar. Cikin shekara huɗu ya yi tuƙi a kan duwatsu da bakin teku da cikin ƙanƙara, a ƙasashen da bai san ta ina ake zuwa ba. Babu direban tasha da bai kayar ba. Daga nan sunan Bolan ya bi shi, shi kuma ya fara magana irin ta tsofaffin direbobi. In aka ce hanyar kaza ta lalace, sai ya girgiza kai ya ce ba su ga hanya ba tukuna.

Wannan bakin nasa ya taɓa jawo wa gidansa taro. Ya zauna wurin mai shayi yana ba da labari cewa jiya motarsa ta ƙwace a kwana, ta yi alkafura sau uku ta faɗa rami. Wata tsohuwa mai sayar da ƙosai ta ji rabin maganar ta yi gaba da ita. Kafin la'asar matan unguwa sun cika tsakar gidansa suna yi wa matarsa Lauratu jaje, wata har da kunu ta kawo wa majinyaci. Ana cikin haka sai ga majinyacin ya shigo yana gaigayar rake. Lauratu ta yi kwana biyu ba ta ce masa komai ba sai gaisuwa.

Da aka dame shi da cewa direban tale ne, sai ya je Maraɗi ya yi makarantar tuƙi ya samo permi, takardar izinin tuƙi. Ya ci jarrabawar da guminsa, a kan fili mai santsi da gudron, wato kwalta, mai layi. Ya dawo ya sa takardar a leda ya rataye a rumfa. Mota dai babu.

Motar ta zo ne ta hannun Hajjo, goggon Lauratu. Hajjo mace ce mai jiki da murya, tana fataucin man shanu da awaki tsakanin kasuwannin Mayahi da Tasawa tun kafin a haifi Zubairu. Ɗanta Mahaman da ke aiki a Kwatano ya aiko mata da mota doguwa, fara, mai tale a gaba. Motar tana ganin bayanta, tana kuka in wani abu ya matso, tana taka birki da kanta, kuma akwai wata mace a cikinta mai magana da yaren da babu wanda ya gane, sai da wani malamin lakkwal ya saurara ya ce Jamusanci ne. Direbobin tasha biyu suka zauna a ciki, suka ji matar, suka fito suka ce suna da uzuri.

Hajjo ta aika aka kira Zubairu. Ya zo ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Mijin Lauratu, an ce kai ne ka san motocin ga masu tale."

"Goggo, ai wagga ƙaramar mota ce. Waɗanda nike tuƙawa sun hi ta gudu nesa ba kusa ba."

"Ni ba gudu nike so ba. Jibi akwai sunan jikata can wajen Sarkin Hausa. Ka kai ni da ragona kahin a raɗa."

Ranar suna suka yi asubanci. Ƙarshen damina ne, hatsi ya fi mutum tsayi. Bayan motar ya cika da buhuna da kwanoni, Hajjo ta zauna a kujerar baya da sabon zane, ta ce rago ba zai zauna kusa da ita ba. Aka ɗaure ƙafafunsa aka ɗora shi a kujerar gaba, kusa da direba. Suna tashi motar ta fara ƙara, ƙit-ƙit-ƙit, wata jar fitila tana ƙyaftawa. Zubairu ya duba ya gane: motar ta ji nauyi a kujera, tana so fasinja ya ɗaura bel. Ya tsaya ya zagaya ya ɗaura wa ragon bel a ƙirji. Motar ta yi shiru. Ragon ma ya yi shiru, yana kallon hanya kamar wanda ya saba.

Muddin suna kan gudron, Zubairu sarki ne. In ya kauce wa layi motar ta gyara kanta, in ya matso wa babbar mota ta rage gudu. Har hannu ɗaya ya saki yana nuna wa Hajjo. Matar cikin motar takan yi magana lokaci-lokaci, Hajjo kuwa ba ta iya a yi mata magana ta yi shiru, sai ta ce, "Lahiya lau, ƴar nan. Ina gajiya?"

Da suka bar babbar hanya suka shiga turbar amalanke tsakanin gonaki, sai zaman lafiya ya ƙare. Karan hatsi ya sunkuyo ta dama da hagu, motar kuwa duk karan da ta gani sai ta ɗauke shi katanga. Gaba yana kuka, baya yana kuka, gefe yana kuka, matar tana ta zuba Jamusanci. Wata zangarniya ta leƙo tsakiyar hanya, motar ta kafa birki da kanta. Ƙwaryar furar da Hajjo ta rungumo tun daga Tasawa ta tashi ta juye a ƙeyar Zubairu. Ragon kaɗai bai motsa ba, saboda shi kaɗai ke da bel.

"Kai ka taka?" in ji Hajjo tana share zanenta.

"Ba ni ba ne, Goggo. Ita ce."

"To ka ce mata hatsi ne. Ba ta taɓa ganin hatsi ba?"

Haka suka riƙa tafiya, a yi taku ashirin a tsaya, har suka fito daga gonaki suka gangaro wani faffaɗan kwari mai yashi. Zubairu ya ji sanyi a ransa, ga fili babu kara ko ɗaya. A wasa, in mota ta sauka daga hanya ta shiga yashi, abin da ake yi shi ne a take wuta har ƙasa a fice. Ya take. Motar ta yi tsalle ɗaya, ta yi biyu, sannan ta fara haƙa. Ya ƙara takewa. Yashi ya tashi sama ya rufe gilashi, motar ta zauna a kan cikinta kamar kaza a kan ƙwai.

Abin da ya yi bayan nan bai taɓa faɗa wa kowa ba, Hajjo ce ta faɗa. Babban yatsansa ya riƙa lalubar bolan yana neman maɓallin da ke mayar da mota bakin layi a sake tsere. Ya danna wani, rediyo ya kama da sanarwar ɓatan jaki. Ya danna wani, kujerar Hajjo ta fara ɗumi. Ya sa bitesin baya, wato giyar ribas, ya zuba wa tale ido, babu komai a ciki sai yashi. Suna nan rana ta ɗaga, zufa ta haɗu da furar ƙeyarsa. Can sai ga hancin wani sa ya cika talen, yana huci.

San na Jatau ne. Jatau tsoho ne siriri mai jan haƙori saboda goro, ya yi shekara talatin yana jigilar ƴan kasuwa da wata tsohuwar mota a waɗannan hanyoyin, har ranar da ta mutu mutuwar da babu gyara, ya koma amalanke. Ya san Hajjo tun tana hawa bayan motarsa da tulunan mai. Ya leƙa ta taga ya gaishe ta, ya dubi ragon da bel, ya dubi Zubairu.

"Samari, wa ya koya maka tuƙi?"

"Ina da permi, Baba. Shekara huɗu ina tsere."

"Ina?"

Zubairu ya buɗe baki, Hajjo ta riga shi. "Cikin tale."

Jatau ya gyaɗa kai kamar an faɗa masa sunan wani gari mai nisa. Ya tsuguna ya tsinke ɗan itace ya fara sace iskar tayoyi ɗaya bayan ɗaya. Zubairu ya ce motar za ta yi kuka. Jatau ya ce ta yi. Ya sa shi ya haƙe yashin gaban tayoyi da hannu, suka karyo rassan sabara suka shimfiɗa. Sannan tsohon ya leƙa ƙarƙashin bolan yana neman abin takawa na uku, bai gani ba, ya ce lallai an aiko wa Hajjo mota ba ta cika ba.

"To shiga. Ƙaramin bitesi. Ka taka kamar ƙwai ne ƙarƙashin ƙahwarka."

Zubairu ya taka a hankali. Tayoyi suka fara juyawa, sai motar ta yanke wutar da kanta, wata fitila mai zanen mota tana zamewa ta kama. Sau uku ana haka. Jatau ya ce akwai mai riƙe ta, kuma yana zargin matar nan. A nan ne shekara huɗun Zubairu suka yi rana, domin ya san wannan zanen, yana kashe shi a wasa kullum. Ya nemo maɓallin ya danne. Ya nemo na kukan ma ya kashe. Aka ɗaura igiya a amalanke, sa ya ja, Hajjo ta fito ta tura da kafaɗa tana kiran sunan Allah, motar ta fito tana tangaɗi.

Jatau ya shige gaba da amalankensa ya ce a bi sawunsa, kada a wuce shi. Haka suka shiga ƙauyen, sa a gaba, farar mota a baya. An riga an raɗa suna tun da hantsi da ragon maƙwabci, mutane har sun fara watsewa, sai suka dawo kallo. Hajjo ta sauka da fura a zane ta ce hanya lafiya lau. Aka kwance wa ragon bel aka miƙa wa maƙwabcin.

Zubairu ya ɗauka an kore shi. Amma Hajjo ta ce ba za ta sake neman wanda zai saba da Bajamushiyar ba, sai dai ya je wurin Jatau ya koyi ƙasa. Wata biyu yana zuwa duk ranar da babu kasuwa. Tsohon yana zaune a gefe yana cin goro, yana nuna masa launin yashin da ke ɗaukar mota da wanda ke haɗiye ta, da yadda ake gane akuyar da za ta tsallaka tun daga kunnuwanta, da dalilin da ya sa ba a amince wa jaki ko yana barci. In Zubairu ya kalli tale, Jatau ya rufe ta da hularsa.

Yau shekara biyu ke nan yana kai Hajjo kasuwanni, bai sake kafewa ba sai sau ɗaya, shi ma ya fita da kansa. A kan gudron yana barin motar ta yi aikinta, a kan turba ya kashe mata baki. Rumfar tana nan, yana buɗewa ranakun hutu, sai dai yanzu ƴan kabu-kabu suna kayar da shi, domin duk kwanar da ya zo sai ya rage gudu ko da akwai garke a bayanta.

Sau ɗaya ya lallashi Jatau ya zauna a kujerar wasan. Tsohon ya yi bismilla, ya tashi motar a hankali, duk sauran suka wuce shi ya bar su. Da ya zo inda ƴan kallo suka yi cincirindo a bakin hanya suna ɗaga hannu, sai ya ja gefe ya tsaya. Zubairu ya ce masa tsere ake yi, ba a tsayawa.

"Mutane sun tsai da ni," in ji Jatau. "Tambaye su ina za su."