Kirarin da Inna ta sa na yanke

Shekarun baya, a shekarar nan da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, sojoji kuma na riƙe da ƙasa, ina da wani ɗan ɗaki a unguwar Banifandu da nake kira situdiyo don in ji daɗin bakina. Tebur ne guda, da tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, da fankar da ba ta san komai ba sai juya iska mai zafi. Aikina haɗa waƙoƙi: in jera su, in datse inda ya yi tsawo, in ɗinke ƙarshen wannan da farkon waccan yadda mai rawa ba zai ji an sauya ba, in daidaita ƙararsu, in zuba a faifan sede. Ƴan taksi da masu biki su ne abokan cinikina. To a shekarar biki ya yi wuya, wanda aka yi ma sama-sama ake yin shi. Kowa ka gani a gajiye yake, har da ni da ba na noma.

Da bazara ta kai bazara sai ga Innata, ƙanwar mahaifiyata, daga ƙauyensu can wajen Tawa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ya bar mata shanu, ta riƙe su da kyau har aka san gidanta da nono. Farin nan ya cinye su tas. Na ƙarshen ma a kwance mahauta suka yanka su. Autarta tana gidanmu tana koyon ɗinki, kuma an sa ranar aurenta da wani saurayi ɗan unguwar Gudel, mutanen da ke da garaken kayan lambu a bakin kogi.

Wata safiya Inna ta shigo ɗakina, ta kwance bakin zanenta ta fito da wani kaset da ya sha hannu.

"Ɗana, an ce kai ka sa ƙarfe shi yi kiɗi."

Na ce, "Inna, wani lokaci dai yana yarda."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce a garinsu uwar amarya takan fito fili ita kaɗai ta taka wani kiɗin kalangu, sannan sauran mata su shigo. Makaɗin garin yunwa ta kore shi ci-rani, babu wanda ya san inda ya nufa. Kaset ɗin nan an ɗauke shi ne a wani bikin gidanta tun ana cikin daɗi.

"Ba ni da saniyar da zan ba ɗiyata, ba ni da garar kirki. Rawar ga kaɗai ta rage min. Kak ka bari in ji kunya gaban surukai."

Na jona rediyo da ordinatar, kiɗin ya shiga, ya fito a kan gilashi kamar kunyoyin gona. Muna cikin saurare, can tsakiya kalangun ya lafa, sai muryar maroƙi ta taso: "Mai shanu gaba, mai shanu baya! Gidan da baƙo ba ya shan ruwa sai nono!" Sai guɗa, sai kiɗin ya zabura da sauri.

Inna ta kalli bango. Can ta ce, "Hid da wannan."

Na ce, "Haba Inna, ai nan ne daɗin kaset ɗin."

"Daɗin mi? Mutanen ga sun san abin da ya same ni. In tsaya gabansu da zanen aro ana ce min mai shanu? Hid da shi, na ce."

Wallahi da na san wahalar da ke ciki da na ce mata inji ba ya iyawa. Muryar maroƙin a kan kiɗin take, ba a raba su, dole in yanke wurin gaba ɗaya in haɗa bakin nan da bakin can. Ga shi makaɗin mutum ne, ba inji ba: kafin kirarin yana tafiya a hankali, bayan kirarin yana gudu. In na haɗa su haka nan, ko kurma zai ji an yi tsalle. Sai na dinga buɗe kunyoyin nan ina bin bugu ɗaya-ɗaya, in ja wannan kaɗan, in matse wancan kaɗan, don saurin ya hau sannu a hankali. Ga shuuu ɗin tsohon kaset da sai an rage shi ba tare da an kashe zaƙin kalangun ba.

Sannan ga kuran, wato wutar lantarki. Sai na kai inda kunnena ya fara yarda, ɗif, a ɗauke wuta. In zauna cikin zufa ina kallon baƙin gilashi, ina ƙoƙarin tuna ko na adana aikin. Sau da yawa ban adana ba. Mahaifiyata in ta aiko da abinci sai ya huce a kan tebur. Har na kai in na kwanta kalangun nan nake ji cikin kaina, in na tashi wuyana ba ya juyawa. Na gaji da kiɗin, na gaji da maroƙin, na gaji da shanun da ban taɓa gani ba.

Amma fa na gama, kuma ya yi kyau, ba yabon kai ba. Na kira wani abokina da ke aikin sono, wato kafa lasifika a wuraren biki, mai kunnen tsiya, na ce ya nuna min inda na yanke. Ya saurara, ya sake saurara, ya ce in daina yi masa ƙarya, babu abin da aka taɓa. Na jera sauran: waƙoƙin Zabarmanci don dangin ango, na samari don ƙawayen amarya, na sa na Inna a tsakiya. Ita ma na kunna mata. Tana zaune a kan tabarma ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Awo, haka. Allah shi yi ma albarka." Daga ni har ita babu wanda ya yi tunanin ta miƙe ta gwada takawa.

Ranar biki bayan la'asar aka kafa rumfa a ƙofar gidanmu. Dangin ango sun cika kujerun gaba. A gefe kuma ga wasu tsofaffin mata ƴan garin su Inna, waɗanda su ma farin ya koro, suna zaune a bakin gari cikin bukkokin kwali. Da suka ji labarin bikin suka tako da ƙafa.

Na saki kalangun. Inna ta fito. Jama'a, ashe matar nan da nake gani kullum a takure haka ta iya rawa! Tana takawa a hankali, kafaɗa na amsa kiɗin, mutanen Gudel har sun fara tafi. Ni kuwa ina bayan inji ina jiran wurin ɗinkina ya wuce in yi wa kaina murmushi.

Wurin ya zo. Kiɗin ya wuce sumul. Inna ta tsaya cak, ta duƙa, ta ɗaga hannu ɗaya sama.

Ashe a rawar tasu haka ake yi: in an zo kirari mai rawa takan duƙa ta jira maroƙi ya gama, sannan ta zabura. Jikinta ya saba tun tana amarya. Ga ta nan duƙe a tsakar fili, kalangu na ta gudu ya bar ta, babu maroƙi. Na ji wasu ƴan mata sun fara ƙyalƙyala dariya. Hannuna na kan maɓalli na rasa abin yi.

Sai wata tsohuwa cikin ƴan garinsu ta miƙe, siririya kamar kara, ta buɗe murya: "Mai shanu gaba, mai shanu baya!" Sauran suka karɓa: "Gidan da baƙo ba ya shan ruwa sai nono!" Na yi maza na rage ƙarar, wanda shi ne kaɗai abin kirkin da na yi a ranar. Matan da ba su da ko akuya suka yi ta maimaita kirarin nan, Inna na duƙe hawaye na ɗiga a ƙasa. Da suka rangaɗa guɗa na mayar da kiɗin, ta zabura ta ƙarasa rawarta. Uwar ango ta taso ta share mata fuska da gyalenta, ta shiga filin tare da ita.

Da aka watse ina naɗe wayoyi, Inna ta zo ta tsaya kaina.

"Ɗana, da ka bar shi."

Na ce, "Inna, ke fa kika ce in fitar."

"Na ce. Bakina ne ya ce, ƙafata ba ta ji ba."

Na ci gaba da naɗe wayoyina. Inna ta koma gida da damina ta faɗi, ba ta sake mallakar saniya ba har Allah ya yi mata rasuwa.

Yanzu injuna sun fi na da, abin da ya cinye min kwanaki ana yin shi kafin shayi ya huce. In wani ya kawo min waƙa ya ce in cire masa wani wuri, nakan ce ya tashi ya taka ta tukuna in gani. Wasu su yi dariya, wasu su ce na cika fi'ili, ni kuwa ba na ma iya yi musu bayani. In na tuna, ba fushi nake ji ba, gajiyar nan ce dai take dawo min a wuya. Na yi aiki iri-iri tun daga lokacin, amma har yau ban yi ɗinkin da ya kai wancan kyau ba, kuma shi ne ya bar Innata duƙe a gaban surukanta.