Ƙwayar da na tsinta a aljihun ɗan farina

Assalamu alaikum. Kwana biyu ina karanta kukan iyaye a zauren nan kan ƙwayoyin da yara ke sha a manyan makarantu, ina ta shiru. Akwai labarin da na danne shekara da shekaru, ko jikokina ba su sani ba. Na nemi izinin mai shi, ya ce in faɗa.

Tsohuwar nan da kuke gani da carbi ta taɓa zama 'yar ƙwaya. Ku rufe baki, ku ji.

Lokacin ba a daɗe da ba mu Jigawa ba, muna zaune a Gagarawa, ɗana na fari yana kwaleji a birni. Mahaifinsa, Malam, kullum ya kashe rediyo sai ya ce, "Duk ɗan da ya sha ƙwaya, ba ni ba shi. Ya bar min gida."

Da kaka yaron ya zo hutu a rame, idanu jajur. Na gani, amma ɗan fari ne. A wajenmu uwa ba ta kiran sunansa, ba ta hira da shi. In na gama tuwo, bango nake gaya wa: "A zo a ɗauki abinci."

Ina wanki na tsinci ƙullin leda a aljihun wandonsa, 'yan ƙwayoyi farare. Ga bayana yana ciwo, ga sussukar gero. Na ce maganin ɗan boko ai ba zai zama na banza ba. In tambaye shi kuma, kunya. Na jefa ɗaya, na kora da kunu.

Jama'a, ranar na sussuke geronmu, na shiga maƙwabta na yi musu nasu. Washegari na ƙara. Maƙwabciyata Ladi ta ce, "Ke kuwa yarinta ce ta dawo, ko Malam ya ce zai sake ki ne?"

Sai barci ya ƙaura. Abinci ya fita raina. Baki ya bushe, surutu ba tsayawa, zuciya tana lugude a ƙirji.

Wata safiya na ɗaga taɓarya, ƙasa ta juya.

A asibiti a Gumel na farka, ana min ƙarin ruwa. Jinina ya hau sosai. An ɗebi jini, an karɓi fitsari, kowace safiya a ɗaure min damtse a yi awo. Malam ya sayar da tunkiyarsa. Na ji tsoro, don hannuna na hagu ya yi nauyi, ga matar da ke gadon kusa da ni ɓarin jikinta ya shanye.

Wata nas 'yar Filato, Sista Rifkatu, ta ce, "Mama, tsakaninki da Allah, me kike sha?" Na kwance haɓar zane na nuna mata.

Likita ya zo da ƙullin a hannu. Ya ce, "Wannan ita ɗalibai ke sha don su hana kansu barci. Saura kaɗan ta tsayar miki da zuciya. Wa ya ba ki?"

Malam yana tsaye a kaina. Yaron yana bakin ƙofa da kwanon abinci.

Na ce, "A kasuwar Maigatari na saya."

Malam ya ce, "Da girmanki!" Na sha faɗa har na ƙoshi.

Da ya fita alwala, na dubi bango. Na ga wannan aikin ya fi ƙarfin bango.

Na kira sunan ɗana.

Kwanon ya suɓuce masa.

Na ce, "Zo ka zauna. Ni ɗaya-ɗaya na sha ta kayar da ni. Kai nawa kake sha?"

Ya durƙusa yana kuka. "Inna, don jarrabawa na fara. Yanzu in ban sha ba, ko tashi ba na iyawa."

Sista ta kai shi wajen likita. Nasa ya fi nawa wuya: barci ba iyaka, fushi, baƙin ciki, har ya taɓa komawa ya sake bari.

Da aka sallame ni na gaya wa Malam gaskiya. Na ce, "In korar ce, ka haɗa da ni, don mu biyu ne 'yan ƙwayar gidan nan."

Malam ya ce, "Allah ya shirye ku, ku duka."

Shi da kansa ya riƙa raka yaron Gumel ganin likita.

Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Sista da likitan nan, ya jiƙan Malam. Yaro ya gama karatu, yau har furfura ya fi ni.

Iyaye, in ɗa ya zo hutu a rame, ba ci ba barci, kada ku tsaya kunya, kada kuma ku fara da kora. Ku zaunar da shi ku tambaya, ku kai shi asibiti. Maganin da ba ku aka rubuta wa ba kuwa, kada ku sha.

Hawan jinin bai bar ni ba har yau. Ɗan farin nan nawa shi yake kawo min maganin, kuma ba na haɗiyewa sai na sa shi ya zauna ya karanta min abin da ke jikin kwalin.