Inna Ba Ta Taɓa Gaya Mini Komai Ba

Ko da zan manta da duk wahalar da na sha wajen koyon Turanci, ba zan manta da ranar da na raka Inna asibiti a Legas ba, shekarar da ta biyo bayan komawar soja bariki.

Lokacin muna zaune a Agege, maigidana yana sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Ni kuwa, da 'ya'yana uku, na shiga ajin wata malama 'yar Filato da ke koya wa matan aure Turanci a tsakar gidanmu bayan la'asar. Kaina bai fi na kowa ja ba, amma a baki babu mai kamo ni, shi ya sa matan gidan suka naɗa ni tafinta tun ban iya komai ba. A makon nan kalmomi biyu ne suka tsaya mini a wuya, say da tell. Malama ta yi ta maimaitawa da irin Hausarsu: "Say, magana ne ya fita kawai, ko ba wanda ya kama. Tell, sai kin duba mutum kin sa masa a hannu." In na gane da yamma, kafin gari ya waye sun sake cakuɗe mini.

Ana haka Inna, mahaifiyata, ta zo daga ƙauyenmu na ƙasar Katsina, wai ganin jika. Ni ce 'yar farinta, kuma Inna mutuniyar da ce. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa duban idona ta yi mini magana ba. In tana son ruwa, bango take gaya wa cewa ana jin ƙishi a gidan nan.

Wata rana ina tankaɗe, tana zaune da jaririna a cinya, na ji tana yi masa wasan jika. "Angona, amaryar taka fa ta kusa barinka. Wani abu ya fito mata a mama kamar ƙwan zabo, wata da watanni, yanzu har ruwa yake yi." Yaron yana ta tsotsar carbinta. Saura kaɗan rariya ta suɓuce mini. A nan na gane abin da ya sa matar da ke tsoron mota ta yarda ta keto ƙasa har Legas.

Washegari na goya yaron, ni da Inna muka hau motar haya ta danfo zuwa babban asibiti ta wajen Idi-Araba. Maigida ba zai iya raka mu ba, tsakanin suruka da suruki kunyar ta fi tawa. Sai bayan azahar layi ya zo kanmu. Likitan wani matashin Bayerabe ne, gajiya duk ta bayyana a fuskarsa. Ya tambayi jiki, na fassara. Inna ta ƙara jan mayafi ta ce da sauƙi, alhamdu lillahi, ɗan zazzaɓi ne, ya ma tafi. Na zaɓi say na mayar masa da zancenta, har ina jin daɗin ban yi kuskure ba. Ya soma rubuta maganin zazzaɓi. Bai ko ɗago kai ba ya tambaye ni ko ta gaya mini wani abu dabam a gida, kuma tell ya ce.

Nan kaina ya ɗaure. In bisa ƙa'idar malama ne, amsar a'a ce, don Inna ba ta taɓa sa mini magana a hannu ba tun da aka haife ni. Amma in na ce a'a, da ƙwayoyin zazzaɓi za mu koma Agege. In kuma na ce i, na yi mata ƙarya, na kuma tone abin da ba ni aka ba ajiya ba, a gaban baƙon namiji. Na ce no, na ce yes, na kamo say na saki, na kamo tell na saki. Gumi ya jiƙa mini zanen goyo. Wallahi tsoro nake ji, ban ma san na wa ba, na Inna ko na Turancin.

Likita ya ajiye biro yana kallona. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "She no tell me. She tell my baby."

Ya leƙa yaron da ke barci a bayana. Na ɗauka dariya zai yi, sai kawai ya tambaya me ta gaya wa yaron. Ban san sunan ƙullutu da Turanci ba, don haka na ɗora hannu a ƙirjina, na dunƙule yatsu. Inna ta gani. Ta juya wajen bango ta ce 'ya'yan yanzu ba su da ta ido.

Likitan ya kira wata dattijuwar nas ta duba Inna, shi kuma ya fita. Da nas ɗin ta fito daga bayan labule, fuskarta kaɗai ta ishe ni fassara. A ranar aka ba Inna gado, ba a daɗe ba aka yi mata aiki.

Ta yi fushi da ni, ko da yake fushin wadda dama ba ta yi maka magana yana da wuyar ganewa. Na dai tabbatar ranar da aka sallame ta, da ta karɓi yaron ta lakace masa hanci ta ce, "Angona, ashe ba ka riƙe sirri." Allah ya ja kwananta har ta ga wannan angon ya shiga sakandare.

Har yau nakan rikita kalmomin nan biyu, jikokina suna yi mini dariya. Amma na koyi abin da ba ya cikin darasin malama: duk wanda kunya ta ɗaure wa baki, in ya faɗi ciwonsa a inda kunnenka zai ji, to kai ya gaya wa. Kada ka tsaya jiran sai ya dube ka.